Sarƙar Da Mamaci Ya Ƙera Wa Kansa



Mun fito daga watan Nuwamba, watan da Ikkilisiya ta keɓe domin tunawa da matattu, ga shi kuma mun shiga makonni huɗu na jiran zuwan Mai Ceto. A tsakanin waɗannan lokatai biyu akwai wani labari da ya dace mu tsaya a kansa, gama a cikinsa mamaci ne yake wa rayayye wa'azi, kuma a daren jajibirin Kirsimeti yake yin wa'azin. Labarin ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Ƙagagge ne, wani marubucin ƙasar Ingila mai suna Charles Dickens ya rubuta shi, aka buga shi a birnin Landan ranar 19 ga Disamba, 1843, da sunan A Christmas Carol. Kofe 6,000 aka fara bugawa, kafin ranar Kirsimeti ta zo kuwa duk an saye su. Dickens ba ɗan Katolika ba ne, har ma akwai wuraren da ya soki Ikkilisiyarmu a wasu littattafansa. Wannan ba zai hana mu saurare shi ba inda ya faɗi gaskiya, domin gaskiya ta Allah ce ko daga bakin wa ta fito.

Mutumin ya san talauci a jikinsa. A 1824, yana yaro ɗan shekara 12, aka kulle mahaifinsa a kurkukun masu bashi na Marshalsea, shi kuwa aka tura shi aiki a wata masana'antar man goge takalmi yana liƙa takardu a jikin kwalabe. A shekarar da ya rubuta labarin nan ya karanta rahoton da aka miƙa wa majalisar ƙasarsa game da ƙananan yara masu aikin ƙarfi a masana'antu, ya kuma ziyarci wata makarantar 'ya'yan matalauta a Landan, abin da ya gani ya tayar masa da hankali ƙwarai. A wannan zamani dokar 1834 ta tanadi gidajen aikin matalauta, inda akan raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, aka kuma tsananta zaman wurin da gangan don kada kowa ya yi sha'awar shiga. Cikin wannan duniya ce ya sa attajiransa biyu, Ebenezer Scrooge da Jacob Marley.

Abokan ciniki ne na shekaru masu yawa, masu ba da rance da juya kuɗi. Sa'ad da labarin ya soma, Marley ya cika shekara bakwai cif da mutuwa. Scrooge ne kaɗai ya gaje shi, shi kaɗai ne abokinsa, shi kaɗai kuma ya raka gawarsa, amma ko a ranar jana'izar sai da ya ƙulla wani ciniki mai riba. Bai ko damu ya goge sunan mamacin daga allon ƙofar ofishinsu ba, kuma duk sunan da baƙo ya kira shi da shi, nasa ko na marigayin, amsawa yake yi. Mu lura da wannan, domin marubucin yana nuna mana tun da fari cewa mutanen biyu hali ɗaya ne, abin da ya sami na farko yana jiran na biyu.

A yinin jajibirin an buga ƙofar zuciyar Scrooge har sau da yawa. Ɗan 'yar'uwarsa ya zo gayyatarsa cin abincin Kirsimeti, ya kore shi da baƙar magana. Wasu dattawa biyu masu tara gudummawa domin matalauta suka shigo, ya tambaye su ko an rufe kurkuku ne, ko gidajen aikin matalauta sun daina aiki. Da suka ce masa da yawa sun gwammace mutuwa da shiga can, ya ce to su mutu ɗin, a rage cunkoson jama'a. Akawunsa, Bob Cratchit, mai mata da 'ya'ya shida, yana karɓar sule 15 a mako, yana rubutu cikin sanyin hunturu a gaban wutar da ba ta wuce gawayi guda ba, domin akwatin gawayin yana ɗakin maigida. Dattawanmu da suka riƙe fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san sule 15 bai kai fam guda ba.

Da dare ya koma gidansa, gidan da dā na Marley ne. Yana sa mabuɗi sai ya ga fuskar mamacin a jikin ƙarfen buga ƙofa. Ya dake, ya shiga, ya duba ko'ina, ya kulle ɗakinsa kulli biyu, ya zauna shan ɗan kununsa. Sai wata tsohuwar ƙararrawa da aka daɗe ba a taɓa ba ta fara kaɗawa da kanta, sauran ƙararrawar gidan suka amsa. Daga nan ya ji ana jan wani abu mai nauyi daga can ƙarƙashin gida, ana hawowa da shi matakala, har fatalwar ta ratso ƙofar da ke kulle ta tsaya a gabansa. Marley ne, da rigarsa da takalmansa, jikinsa kamar gilashi, har ana hango maɓallan bayan rigar ta cikinsa, kansa ɗaure da ƙyalle kamar yadda akan ɗaure haɓar gawa.

A kugunsa kuwa akwai sarƙa doguwa tana jan ƙasa a bayansa kamar wutsiya. A nan ne ya kamata mu buɗe kunne sosai. Da akwatunan kuɗi aka haɗa sarƙar, da mabuɗai, da kwaɗuna, da littattafan lissafi, da takardun mallaka, da jakunkunan kuɗi na baƙin ƙarfe. Babu takobi a ciki, babu guba, babu wani abin da alƙali zai riƙe ya ce ga shaidar laifi. Kayan ofis ne kawai, irin waɗanda kowane ɗan kasuwa mai tsari yake da su. Da Scrooge ya tambayi dalilin ɗaurin, mamacin ya shaida masa cewa ba wani ne ya ɗaura masa ba, shi ya ƙera ta da hannunsa tun yana da rai, zobe bayan zobe, da son ransa kuma ya ɗaura ta. Ya ƙara masa da abin da ya fi wannan ban tsoro: shekara bakwai da suka wuce sarƙar Scrooge ta riga ta kai tasa tsawo da nauyi, tun daga lokacin kuwa bai fasa ƙira ba. Scrooge ya duba ƙasa kewaye da shi, bai ga komai ba.

Haka haɗama take aiki, 'yan'uwa. Mazinaci ya san daren da ya faɗi, mai kisankai ba ya manta ranar da ya zub da jini, amma marowaci ba shi da wata rana guda da zai nuna ya ce ran nan na lalace. Yau ya hana kwabo, gobe ya kau da kai daga maƙwabci, jibi ya matsa wa mai bashi, kowane ɗaya ƙarami ne har ba ya jin nauyinsa. Ga shi kuma zunubi ne mai kyawawan sunaye: tattali, tanadi, tsare gida, sanin ciwon kai. Ba safai mutum yakan durƙusa gaban firist ya ce ya yi rowa ba, domin a ganinsa hankali ya yi. Manzo Bulus bai sassauta mata ba; a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa, sura 3, ya lissafa haɗama da bautar gumaka. A cikin labarin ma, budurwar da Scrooge ya yi niyyar aure tun yana saurayi ta warware alkawarin ne da cewa wani gunki na zinariya ya ƙwace mata wurinta a zuciyarsa.

Kafin ya gaskata, sai da Scrooge ya yi gardama. Ya ce wa fatalwar wataƙila ita ba kowa ba ce face ɓacin ciki, wata tsokar nama da ba ta narke ba ko ɗan dankalin da bai nuna ba. Abin dariya ne, amma wanene a cikinmu bai taɓa yi wa lamirinsa irin wannan fassara ba? Zuciya ta tsawata mana da dare, da safe mu ce gajiya ce. Sai da mamacin ya yi kururuwa, ya kwance ƙyallen kansa haɓarsa ta faɗo har ƙirji, sa'an nan attajirin ya zube bisa gwiwoyinsa. Duk da haka ya nemi ya lallashe shi, ya tuna masa cewa ai shi gwanin kasuwanci ne a zamaninsa. Wannan yabo ne ya fi komai ƙona Marley. Ya amsa da kuka cewa sana'ar da aka aiko shi duniya ya yi ita ce kula da mutane, jinƙai da haƙuri da kyauta, cinikin da ya ba dukan ransa kuwa bai fi ɗigon ruwa a cikin teku ba in an gwada da wannan. Ya yi baƙin cikin yadda ya riƙa ratsa taron jama'a idonsa a ƙasa, bai taɓa ɗaga kai ya dubi tauraron nan da ya kai masana daga gabas zuwa gidan matalauta ba.

Duk wanda ya saba da Bishara zai ji wani labari yana motsi a ƙarƙashin wannan. A Luka sura 16 Ubangijinmu ya ba da misalin mai arziki da Li'azaru. Shi ma mai arzikin ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya doki Li'azaru ko ya sa an kore shi daga ƙofa ba. Ya ci, ya sha, ya sa tufafi masu tsada, ya riƙa wuce mutumin kullum. Ya ma san sunansa, gama daga cikin azaba da sunan ya ambace shi. A Matiyu sura 25 kuma, waɗanda aka tsayar a hagun Sarki an hukunta su ne a kan abincin da ba su bayar ba, ruwan da ba su miƙa ba, marar lafiya da ɗan kurkukun da ba su gaisar ba. Shi ya sa a farkon kowace Misa, sa'ad da muke furta zunubanmu, ba ma tsayawa a kan abin da muka aikata kaɗai, muna haɗawa da abin da muka ƙi aikatawa. Da yawanmu bakinmu ya saba da kalmomin har ba ma jin su.

Amma akwai bambanci guda tsakanin labaran biyu, kuma shi ne zuciyar maganarmu. Mai arzikin nan ya roƙi Ibrahim ya aiki Li'azaru gidan mahaifinsa ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar. Ibrahim ya ƙi. Ya ce suna da Musa da annabawa, in kuwa ba su saurare su ba, ko wani ya tashi daga matattu ba za su rinjayu ba. Abin da Ibrahim ya hana, shi Dickens ya bayar a labarinsa: ya bar mamaci ya komo ya yi gargaɗi. To, wa ya fi gaskiya? Idan muka karanta a hankali za mu ga marubucin bai ƙaryata Bishara ba. Fatalwar ta firgita Scrooge, amma ba ta tubar da shi ba. Bayan tafiyarta ya so ya sake cewa duk shirme ne, ya kwanta barci. Abin da ya narkar da shi ya zo daga baya, sa'ad da ruhohi uku da aka yi masa alkawari suka nuna masa yaron da shi kansa yake a dā, shi kaɗai a makaranta an manta da shi, suka kai shi teburin akawunsa ya ga ƙaramin ɗansa Tim gurgu da sandarsa, suka kuma nuna masa gawar da ba mai kuka a kanta, masu yi masa aiki suna sayar da labulen gadonsa da rigar da aka sa wa gawar. Tsoro yakan sa mutum ya durƙusa, amma tuba sai ido ya buɗe ya ga ɗan'uwa.

Mu kuwa an ba mu fiye da abin da mai arzikin ya roƙa. Wani ya tashi daga matattu, ba fatalwa ba, da jikinsa, har ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa. Muna shaida haka kowace Lahadi. Idan bayan wannan muna jiran sai mahaifinmu marigayi ya zo mana cikin mafarki kafin mu mayar da gonar da muka danne, maganar Ibrahim a kanmu ta faɗa.

A nan dole mu yi wata 'yar tsayawa, domin mun san yadda zancen fatalwa yake da kasuwa a garuruwanmu, kada wani ya ce Fada ya tabbatar a takardar dayosis cewa matattu suna yawo da dare. Labari labari ne. Koyarwar Ikkilisiya ita ce, da zarar mutum ya mutu yakan tsaya gaban shari'ar Allah, daga nan sai Sama, ko wurin tsarkakewa ga waɗanda suka mutu cikin alheri amma da sauran tabo, ko kuwa hallaka ta har abada. Dickens bai faɗi a wanne Marley yake ba, mu ma ba za mu gina koyarwa a kan ƙagaggen labari ba. Neman magana da matattu ta hannun boka ko mai duba haramun ne tun daga Maimaitawar Shari'a sura 18, Katikisim na Ikkilisiyar Katolika da aka fitar a 1992 ya kuma sake nanata haka. Sarki Saul ya gwada a Endor, bai samo komai ba sai labarin mutuwarsa. Abin da matattunmu suke bukata daga gare mu shi ne addu'a, da hadayar Misa, da sadaka a madadinsu.

Wurin da ya fi taɓa mu a dukan labarin shi ne sa'ad da Marley zai tafi. Ya ja Scrooge zuwa taga, sai ga sararin sama cike da fatalwowi, kowace da sarƙarta, wasu ma an ɗaure su tare, marubucin ya ce mai yiwuwa gwamnatoci ne masu laifi. A cikinsu akwai wani tsoho da Scrooge ya sani, da ƙaton akwatin ƙarfe ɗaure a idon sawunsa, yana kuka mai zafi domin ya hango wata mata matalauciya da jaririnta a bakin wata ƙofa, yana so ya taimake ta, ba hali. Azabarsu ke nan: yanzu suna son yin alheri, ikon yi kuwa ya ƙwace musu har abada. Babu wuta a wannan hoto, babu ƙugiya, amma da wuya a sami bayanin da-na-sani da ya fi shi. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Abin da fatalwar nan za ta ba da dukan akwatinta ta samu, wato hannu mai iya miƙa kwano, yana jikin kowannenmu yau, muna ta yawo da shi cikin aljihu.

Kada mu ce wannan zancen attajiran Turai ne. Ga kaka ta yi, hatsi ya shigo. Tanadi ba laifi ba ne, Yusufu ya tara hatsin Masar shekara bakwai ya ceci al'umma da shi. Amma wanda ya ba maƙwabcinsa buhu guda a tsakiyar damina sa'ad da yunwa ta matsa, yanzu kuma ya tsaya a bakin masussuka yana jiran buhu biyu, ya san ba irin tanadin Yusufu yake yi ba. Haka mai mudu biyu, na saye dabam na sayarwa dabam, abin da annabi Amos ya la'anta tun ƙarni na takwas kafin haihuwar Kristi. Akwai gidajen Kirista da aka ɗauko yarinya daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara uku ke nan ba ta ga allo ba, ita ce farkon tashi ita ce ƙarshen kwanciya. Akwai 'yan'uwan miji da ke shiga ɗakin gwauruwa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, su kwashe takardun fili su bar ta da marayu. Takardun mallaka, ku tuna, suna cikin zoben sarƙar Marley. Mu masu riƙe da baikon Ikkilisiya ma, firistoci da 'yan kwamiti, muna da akwati da mabuɗi da littafin lissafi, ba a kuwa ce sarƙar tana tsoron farar riga ba.

Kada matalauci kuma ya yi murna ya ce yau an taɓa masu kuɗi. Rowa ba ta tambayar nawa ke aljihu. Akwai mai rowar gaisuwa, mai rowar lokaci, wanda tsohuwarsa ke kwance a ƙauye shekara guda bai taka ba.

Ikkilisiya ba ta bar wannan magana ga masu rubuta labari ba. Waliyyi Basil Babba, a ƙarni na huɗu, ya koyar cewa abincin da ka ɓoye na mayunwaci ne, rigar da ke ajiye a akwatinka ta marar tufa ce. Waliyyi Yohanna Kirisostom, cikin wa'azinsa a kan Li'azaru, ya kira hana matalauta rabonsu sata. Wasiƙar Yakubu, sura 5, ta ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuwa ya kai kunnen Ubangiji. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta wasiƙarsa Rerum Novarum, inda ya tsaya a kan cewa lada dole ya ishi ma'aikaci ya rayu da mutunci, ko da ma'aikacin ya yarda da ƙasa da haka saboda matsi. Shekara goma kafin littafin Dickens, a 1833, wani ɗalibi a birnin Faris mai suna Frederic Ozanam da abokansa suka kafa Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul domin ziyartar matalauta a gidajensu. 'Yan wannan ƙungiya su ne dattawan nan biyu na zamaninmu, masu buga ƙofa kafin Kirsimeti. In sun zo, mu san wa muke amsa wa.

Yadda Scrooge ya tuba ma abin koyi ne, domin bai tsaya ga hawaye ba. Tubarsa irin ta Zakka ce, wanda a Luka sura 19 ya ba matalauta rabin dukiyarsa ya kuma yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Wanda zai zo furta zunubi a makonnin nan da haƙƙin wani a hannunsa, ya sani gafarar da firist zai furta ba ta share wajibin mayarwa. In ba zai iya biya gaba ɗaya ba, ya zo a tsara yadda zai biya kaɗan kaɗan, a asirce in ya cancanta. Scrooge ya farka da safiyar Kirsimeti ya tarar labulen gadonsa yana nan ba a sayar ba. Ya sayi ƙaton talotalo ya aika gidan akawunsa ba tare da ya bayyana sunansa ba. A hanya ya gamu da ɗaya daga cikin dattawan da ya kora jiya, ya roƙi gafararsa, ya raɗa masa adadin da zai bayar, ya ce a ciki har da bashin shekarun baya. Ya shiga coci, daga baya ya tafi gidan ɗan 'yar'uwarsa, ya yi ta kai da kawowa a bakin ƙofa kafin ya sami ƙarfin halin bugawa, aka kuwa karɓe shi hannu biyu. Washegari ya riga akawunsa zuwa ofis. Cratchit ya makara, ya shigo yana rawar jiki yana jiran kora, sai maigidan ya ce ya ƙara masa albashi, zai kuma tallafi iyalinsa, ya aike shi ya hura wuta sosai ya sayo ƙarin mazubin gawayi kafin ya sake ɗora alƙalami a kan takarda.